Neman Maganin Ƙuduji Daga Kafur Zuwa Dandume

Kafur

Tun kafin gari ya waye na fito daga ƙauyenmu, wata ranar Litinin, gab da saukar damina. Zamanin soja ne, lokacin da ko sabulu sai an bi layi. Ni malamin gona ne a ƙasar Kafur, amma ba ofis ne ya aike ni ba, Kawu Ayuba ne, yayan mahaifiyata.

Ƙuduji ne ya addabe shi. Ciyawar nan mai tsotse saiwar dawa ta mai da gonar da ubansa ya sare tamkar lambun furanni. Shekarun baya wani mai bincike, Dakta Haruna, ya yi damina bayan damina yana gwaji a gonar. Ya kakkafa turaku, ya yi aune-aune, ya ci tuwon gidan, ya tafi. Daga baya muka ji wai an buga sakamakon a wata mujallar masana a Ingila.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, je ka karanto mini. In babu magani, bana sai in bi 'ya'yana birni in kama gadi." Da dariya ya faɗa, amma na san ya fara cigiyar mai sayen shanun huɗarsa.

A bayan akori-kura na isa Malumfashi, tsakanin buhunan barkono, ina atishawa har tasha.

Malumfashi

Na sha shayi da burodi, na shiga kiya-kiyar Funtuwa. Direba ya ga jakata ya ce, "Malam, neman aiki za a je?"

Na ce, "Neman takarda."

"Ta fili?"

"Ta ciyawa."

Ya dube ni ta madubi, ya ci gaba da tuƙinsa. Kusa da Bakori sojoji suka tsayar da mu. Ɗaya ya zazzage jakata, ya ga ba komai sai biro da goro, ya ɗauke goron ya ce mu wuce.

Funtuwa

Kafin azahar ina ɗakin karatun wani ofishin aikin gona. Mai kula da shi, Malam Sule, ya yi murna da ganina, don ya ce ya kwana biyu bai ga wanda ya shigo ba sai masu neman inuwa. Ya buɗe kabad, ga mujallar nan jere, bango mai sheƙi. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. A bayanta an rubuta abin da zai fito a ta gaba, ga sunan Dakta Haruna ɓaro-ɓaro.

Na ce, "To, ina ta gaban?"

Ya ce, "Tana Ingila. Daga nan gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kuɗin waje ya ƙi samuwa, kamfanin da ke buga ta ya daina aikowa. Kuɗin shekara ɗaya, Malam, sai ka sayar da sa ka cika da rago." Ya nuna mini bango. "Amma ba su manta da mu ba. Duk shekara sai sun aiko kalanda."

Kalandar kuwa ta yi kyau, da hoton tumaki a kan tudu.

Shi ya gaya mini Dakta ya ajiye aiki ya koma garinsu Dandume yana noman masara. Kuma shi ya sauke ni a gidansa, aka kawo tuwon masara miyar kuka da man shanu.

Dandume

Washegari na samu motar 'yan kasuwa zuwa Dandume, daga nan mai babur ya kai ni har bakin gona. Na tarar da Dakta da malafa yana sharar gona. Da na ambaci Kawu Ayuba sai ya ajiye manjagara ya tambayi lafiyar mutanen gidan, kowa da sunansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, aron takardarka na zo."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. "Ai ni ma ba ni da ita. 'Yan kwafin da suka ba ni, kwamitin ƙarin girma ya karɓe, kuma girman bai ƙaru ba."

Muka zauna gindin ɗorawa ya warware mini. "Gwamnatinmu ta biya ni albashi. Kawunka ya ba da gona. Malaman da suka duba aikin ba a ba su ko sisi ba. Ni ma sai da na biya kafin masu mujallar su sa hotuna. Sannan na sa hannu cewa rubutun ya zama mallakarsu. Kamar ka kai surfe ne, mai inji ya riƙe hatsin, ya ce in kana so ka saya."

"Ba za a iya juya shi da Hausa ba?"

"Na nemi izini. Suka amsa cikin ladabi, ka san su da ladabi, suka ce a biya da fam na Ingila."

Na shiga tunanin abin da zan gaya wa Kawu. Can na ce, "Amma kana tuna abin da ke ciki?"

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ni fa na yi shi." Ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Tashi mu je. Tuntuni ya kamata in koma."

Gida

A kan babur ɗinsa muka dawo, sau biyu taya tana sacewa. Muka iso da la'asar, kashegari Kawu ya tara manoma a ƙofar coci, na unguwar masallaci ma suka zo da buzayensu. Dakta ya ce a hutar da gonar daga dawa, a shuka auduga ko gyaɗa, don 'ya'yan ƙuduji su tsiro su rasa abin kamawa su mutu. Wanda ya fito a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙone, kada a jefar a kan iyaka. A kuma ƙara taki. Ya ce ba aikin shekara ɗaya ba ne, kowa ya sa haƙuri. Aka yi ta jefo masa tambayoyi har rana ta take.

Da za a tashi Kawu ya ja shi gefe, da gaske yake, ya ce, "Dakta, wannan da ka gaya mana kyauta, ba za su sa a kama ka ba?"

Dakta ya ce, "Baba, takarda na sa wa hannu. Ban ba su bakina ba."

Kawu bai tafi birni ba. Ya yi auduga, ya sake yi, da ya koma wa dawa ta yi zangarniya, ko da yake ƙudujin bai ƙare ƙat ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Sule da iyalinsa, da Dakta da ya ƙona man babur ɗinsa. Kamfanin ma ina gaishe su, don sun adana mana ilimin gonarmu inda gara ba za ta ci ba, mu ma ba za mu taɓa ba. Har yau ban sa mujallar a ido ba. Dakta dai ya ce sunan ƙauyenmu yana ciki, kuma ba su rubuta shi daidai ba.