Asabe Amos da Tambayar da Ba Ta Cikin Takarda

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ɗan kabu-kabu ke sauke Madam Asabe Amos a ƙofar biro, wato ofishinmu, kuma cikin shekara ashirin da biyu ba a taɓa jin wani ya riga ta isowa ba, in ban da mai gadi. Takan share teburinta da kanta, ta jera takardun tambayoyi, ta aika a duba ko motar aiki tana da mai. Yawanci ba ta da shi. Sai ta nufi tasha ta shiga motar kasuwa mai zuwa Bambeye ko Takanamat, ta zauna tsakanin buhunan albasa da raguna. Aikinta ƙirga mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, a kan matsayin da aka ɗauke ta tun ranar farko.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in yi bayani. Akwai manyan ofisoshi a ƙasashen waje da ke auna ƙasashen duniya, su jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, gwargwadon yadda kowace ke tafiya da mata a sha'anin muhalli. Tambayar takan taso daga can, ta sauka Yamai, a yi mata taron kwana uku a otal, sannan ta iso Tawa a gajiye: mata nawa ne suka shiga aikin farfaɗo da ƙasa? Mu a Adar wannan tambaya ba ta taɓa tayar mana da hankali ba. Da an gama girbi maza sun tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya. Mata ne ke saura da diga, suna haƙa tassa, wato ramukan da ake yi a fako a zuba taki don su riƙe ruwan sama. Kashi tamanin cikin ɗari mata ne. Ni da nake rubuta rahotanni na sha buga wannan lamba da manyan baƙaƙe, an kuma sha yi mana tafi. Babu wanda ya yi ƙarya. Namiji ya tafi, mace ta ɗauki diga, duniya ta ce mun ci gaba.

Asabe ’yar Dogon Dutsi ce, ɗiyar malamin makaranta, kuma tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ɓata wa shugabanni rai. Ranar da za a fara aiki a kowane fako, kafin a sara diga ko ɗaya, sai ta tara maigari da dattawa ta yi musu tambayar da ba ta cikin takarda: filin nan na wane ne? Takan rubuta amsar a bayan takardar, ta sa a dangwala yatsa. Bayan damina uku kuma, lokacin da aikin ya ƙare, masu shi sun kwashe allunansu sun tafi, sai ta koma ta ga wanda ke noma wurin. Babu wanda ya aike ta.

A Gidan Ciɗo, wani ƙauye yamma da Bambeye, aka ga amfanin wannan taurin kai. Akwai wani fako a bayan gari, tsakuwa zalla, ko ƙaya ba ta fitowa. Ranar da Asabe ta yi tambayarta dariya aka yi mata. Waɗanda suke wurin sun ce Alƙasum, wani magidanci da ke shirin komawa Abijan, shi ya fi kowa dariya.

"Madam, wanga wuri ba na kowa ba na," in ji shi. "Ko akuya ba ta so nai. In mata na so, su ɗauka har da duwatsun."

Ta rubuta yadda ya faɗa, har da akuyar. Ya dangwala yatsa yana share hawayen dariya, maigari ma ya dangwala.

Mata arba'in da bakwai suka haƙa tassa a wurin rani biyu, ƙarƙashin jagorancin Inna Hafsatu, wata gwauruwa mai jikoki shida a hannunta. A ka suka ɗebo taki. A damina ta uku gero ya tashi har ya rufe mutum. A wannan shekarar ce Alƙasum ya dawo gida, kuma Allah cikin ikonsa ya buɗe masa ƙwaƙwalwa, ya tuna kakansa ya taɓa ɗaure raƙumi a wurin. Wasu maza huɗu su ma suka tuna da nasu kakannin. Aka ce matan su yi haƙuri, kowace za a yanka mata gamana, ɗan yankin da miji kan ba matarsa aro ta noma. Aro ne, mai shi na iya karɓa duk shekarar da ya ga dama. Inna Hafsatu kuwa ba ta da mijin da zai ara mata.

Da Asabe ta isa, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce, "Ɗiyata, rubuta yadda ta ke. Mu munka gina, su sunka tuna."

Asabe ta dawo Tawa ta sa a rahoto: mata arba'in da bakwai sun haƙa, babu mai fili ko ɗaya. Shugaban aikin na wancan lokaci, mutum mai kirki da son zaman lafiya, ya kira ta ya yi mata bayani a hankali cewa na'urar da ake shigar da rahotanni ba ta da gurbin wannan lamba, kuma ƙasa tana bukatar labari mai daɗi. Ya tuna mata cewa ita baƙuwa ce a Adar, ba kuma addininsu ɗaya da mutanen ƙauyen ba, kada a ce ta zo raba aure. Ta gode masa da shawara. Washegari ta shiga motar Bambeye da tsohuwar takardarta cikin leda.

Ba ta yi wa kowa lacca a kan ’yancin mata ba, abin da ni da digirina da shi zan fara, a kuma kore ni kafin azahar. Ta gaishe da maigari yadda ya kamata, ta roƙi a kira liman da dattawa, sannan ta ba liman takardar ya karanta da bakinsa. Da aka zo kan akuya taro ya fashe da dariya. Alƙasum ya ce wasa yake yi a lokacin.

"Haka ne, Malam Alƙasum," in ji Asabe. "To, su ba da wasa suka haƙa ba."

An kwana uku ana ja. A ƙarshe aka bar wa Alƙasum gefen gabas, inda aka ce raƙumin ya tsaya, saura kuwa aka rubuta shi da sunan matan, ɗaya bayan ɗaya, aka kai hukumar filaye ta buga hatimi. Matsayin ƙasarmu a jerin duniya bai motsa ba, ba sama ba ƙasa. Na'urar har yau ba ta da gurbin. Amma Inna Hafsatu ta ɗaure dami goma sha tara bara, kuma ba ta nemi izinin kowa ba kafin ta buɗe rumbunta.

Madam Asabe, ke ce kika koya mana cewa lamba tana iya zama gaskiya kuma ta rufe gaskiya. Ke ce mai komawa bayan an watse. Ƙauyuka goma sha ɗaya na ƙirga da kika yi wa irin wannan, ba duka kika ci nasara ba, a uku an kore ki, a ɗaya takardar ma ɓata ta yi a gidan maigari ta hanyar da har yau ba a gane ba. Ba ki fasa ba, ba ki kuma taɓa ɗaga murya ba. Mu da muka je taruka da sunan matan nan, muka kwana a otal, muka dawo da jakunkuna masu tambari, mun gode, kuma da kunya muke godiyar. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma matasan da za ku gaji teburinta, ku cika takardar yadda aka aiko ta, kada a kore ku. In kun gama, ku juya bayanta ku yi tambayar da ta rage. Aikin bai ƙare ba. Inna Hafsatu ta haura saba'in, ta kuma riga ta faɗa a gaban shaidu cewa ’ya'yanta mata suna da rabo a yankinta. Ranar da za a zauna wannan rabo, wani zai sake tuna kakansa. Ya kamata a samu ɗayanku zaune a kan tabarmar.