Mutuwar Dillalin Littafina

A waya na rubuta littafina na farko, da babban yatsa, tsakanin ɗora tukunya da sauke ta. Duk babin da na gama, sai in karanta wa matan layinmu a Dogo Tebo bayan la'asar, suna tsince shinkafa suna gyara mini zance kamar su suka aike ni.

Labarin wani tsohon dillali ne a Kasuwar Shanu. Ban gaya wa kowa ba, amma Babana na kwafa, Allah Ya jiƙansa: tarinsa, karkatacciyar hularsa, yadda yake dafa bayan bijimi kafin ya buɗe baki ya yi ciniki. Tun farko na san dole tsohon nan ya mutu, in ba haka ba labarin 'ya'yansa ba zai motsa ba. Da na iso wurin, sai hannuna ya ƙi. Na kwantar da shi asibiti, na sallame shi. Na tura shi Maiduguri ziyara. Damina ta zo ta wuce littafi na nan tsaye, haushin kaina nake ji, yara suna ta shan faɗa babu dalili.

Yayata ce ta fara ƙosawa. "Ke, tsohon nan ya gaji da yawo. Ki sake shi mana."

"Yaya, wallahi ba zan iya ba."

"Baba ma ai ba da izininki ya tafi ba."

Ashe ta daɗe da ganewa.

Wata ranar kasuwa na rubuta babin mutuwar tsohon, ina jin motocin shanu suna wucewa a titi. Da na karanta wa matan, kowacce ta ɗauki farantinta ta fita, babu ko sai anjima. Na ce shi ke nan, na ɓata littafi.

Washegari da hantsi sai ga su cikin mayafai, wata riƙe da kwanon kunu. Suka zazzauna a tabarma. Babbarsu ta dube ni ta ce, "Ya haƙuri? Allah Ya gafarta wa dillali."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai kuka ya zo. Lokacin da Baba ya rasu ina makaranta nesa da gida, na iso an tashi zaman makoki, babu wanda ya zauna da ni. Suka bar ni na yi mai isata, aka shafa addu'a, aka sha kunu.

A bakin ƙofa babbar ta juyo. "To, gaisuwa dai mun yi. Saura rabon gado, kar ki ja mana rai."

Kafin azahar na fara babi na gaba.