Gonar Goggo da Tsohon Pilot ɗin Baba

Mun tashi daga Zongon Kwatano ana kiran assalatu, ni da abokiyar aikin Yayana, mai tuƙa ɗan jirgin nan da ke ɗaukar hoto daga sama. Ita ta rungumi jakar jirginta, ni na rungumi kwalin kwamfuta a bayan zem, wato ɗan acaɓa, har tashar mota. Yaya ne ya kamata ya je, amma ƙafarsa na cikin filasta tun da babur ya kayar da shi a mahaɗar Sainte-Rita. Ni iyakata sakandare, sai ɗan abin da na tsinta ina taya shi aiki.

Goggo, ƙanwar Baba, tana da gona a wani ƙauye bayan Jugu. Tun rasuwar mijinta maƙwabcinta yake ta matso da iyaka. Delege, wato shugaban ƙauyen, ya sa ranar zama, ya ce kowa ya zo da hujja. A can kuwa, idan ruwan farko ya sauka mutum ya riga ka shuka, ba mai tuge masa har girbi, daga nan gona ta tafi ke nan. Aikinmu shi ne a ɗauki hotuna masu yawa daga sama, manhajar da Yaya ya rubuta ta ɗinke su su zama hoto guda, kowa ya gani da idonsa.

Hanya ba laifi. A Allada masu abarba suka cika tagogi, mai zaƙin nan doguwa, arha kamar a ce kyauta. Direba ya so a sa kwalina a ƙasan mota tare da buhunan albasa, na ƙi, na ɗora shi a cinya har ƙafafuna suka mutu. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko jariri ne a ciki. A Dassa muka ci sakwara da miyar gyaɗa, a Savalu kowa ya sayi garin rogo ban da ni, don ba hannun riƙewa. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar katin da ke cikin kwamfutar ya karye.

Katin nan shi ne zuciyar aikin. Katin hoto ne, amma Yaya lissafi yake sa shi, domin yana yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda. Ya taɓa yi mini bayani cewa katin kowane kamfani da yarensa. Don haka ba ya rubuta wa kowanne nasa, sai ya juya manhajar zuwa wani yaren tsakiya, kamar yadda Bazabarme da Bafone, mutumin kudancin ƙasar, ke haɗuwa a Hausar kasuwa. Sannan akwai pilot, wata manhaja da ke tsakanin kwamfuta da kati, ita ke fassara yaren tsakiyar zuwa na katin. Na ji, na gyaɗa kai, ban san zai zame mini abin kuka ba.

Mun isa bayan la'asar. Goggo ta tarbe mu da wagashi soyayye, cukun nan na Fulani, tana ta kallon sama. Ta ce a zamanin mulkin soja da magana ɗaya delege zai yanke, amma tun da aka dawo zaɓe, kowa mai ƙuri'a ne, delege ba ya son ɓata wa kowa sai hujja ta tilasta shi.

Washegari da hantsi jirgi ya tashi, hotuna suka samu. Muka tayar da janareta a zauren delege, na kunna manhaja. Sai wani ɗan rubutu ya fito: pilot bai gane wannan sigar yaren tsakiyar ba. Na sake, haka. Na hau wani tudu inda ake samun layi, na kira Yaya, ya ce in karanta masa lambar pilot ɗin. Da na karanta sai na ji ya ɗaga murya: "Baba, kun taɓa kwamfutar nan?"

Na jiyo Baba daga nesa yana cewa, "Taɓawa kuma? Gyara ta na yi. Za ta fita daga shagona ban sa mata pilot ɗina ba, a je a ce kayan Zongo ba su da kyau?"

Baba tsofaffin kwamfutoci yake sayarwa, kuma ƙa'idarsa ce: duk wadda za ta bar shago sai ya busa mata ƙura, ya zuba mata pilot daga wani faifai da ya yarda da shi shekara da shekaru. Ga masu buga takarda da kallon fim bai taɓa ba shi kunya ba. Amma pilot ɗin ya girmi yaren da Yaya ya yi amfani da shi.

Yaya ya ce ana iya yin aikin ba tare da kati ba, sai dai zai kai gobe da yamma. Zama kuwa bayan azahar ne, hadari ya fara haɗuwa a gabas, 'ya'yan maƙwabcin na zaune a gindin mangwaro da fartanyoyi da ƙwaryar iri. Kallonsu kawai ya ishe ni.

Na hau babur zuwa Jugu, na sami shagon intanet kusa da kasuwa. Sabon pilot ɗin ƙato ne, layi kuma yana tafiya kamar hawainiya. Ya kusa ƙarewa ya yanke. Na fashe da kuka a gaban mutane, mai shagon ya ce, "Yi haƙuri ƙanwata, daga inda ya tsaya zai ci gaba." Allah ya sa haka ne.

Da na dawo an riga an zauna. Maƙwabcin yana magana, Goggo ta sunkuyar da kai. Delege ya ce, "'Yar Kwatano, hujjar taku fa?" Na roƙi a ɗan ba ni lokaci. Ina saka pilot ɗin allon ya yi baƙi ƙirin. Yaya ya gargaɗe ni cewa zai yi haka. Wani daga baya ya ce ta mutu, aka yi dariya. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can sai haske ya dawo. Na kunna manhaja, fankar kati ta ɗauki kuka, hotuna suka fara haɗuwa gefe-gefe.

Daga sama tsohuwar iyaka a fili take: layin kututturen kashu da marigayi ya dasa, wanda ciyawa ta rufe a ƙasa. Dattawa suka tashi suka bi shi da ƙafa, suka same shi. Gonar ta Goggo ce, sai kusurwar bakin rafi da hoton ya nuna ta maƙwabci ce, Goggo ta ce ta yarda. Kafin magariba ruwa ya sauko. Da safe na bar ta a gona da iri a hannu.

Na dawo Zongo da kwalina a cinya. Baba ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya daɗe, sannan ya ce Yaya ya sabunta masa faifan nan in ƙafa ta warke. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, manhaja mai kyau da kati mai ƙarfi ba sa wadatarwa in mai fassara tsakaninsu ya tsufa. Kuma duk kwamfutar da za ta yi tafiya, a kunna ta a gwada aikin a gida, bayan hannun ƙarshe ya taɓa ta, ko da hannun mahaifinka ne.