Ranar da Aka Hana Kaka Laraba Labarin Musa

Duk wanda ya tashi a fadamar Hadejia ya san ƙamshin banda. Ni kam har gobe, in hayaƙin kifi ya bugi hancina, sai in ga kaina zaune a kan tabarmar kaba gaban Kaka Laraba, idona na zubar da ruwa, ina ta marin sauro a ƙwauri.

Kaka Laraba ita ta haifi babana, kuma bandar kifi ce sana'arta. Masunta su kawo mata tarwaɗa da karfasa da la'asar, ta fafe cikinsu, ta lanƙwashe tarwaɗar a tsinke, ta jera a kan waya, ta hura wuta a ƙasa. Wutar banda ba a barinta ita kaɗai. In ta ci da yawa kifi ya ƙone, in ta mutu ya lalace. Dole mutum ya zauna a gindinta, kuma wannan zaman dolen ne ya zame mana dandali.

Ƙauyenmu yana gabas da Hadejia, inda ciyawar kachala ta fara cinye bakin kogi. Mu Kirista ne, gidajenmu 'yan kaɗan a gefen gari, sauran jama'a duk Musulmi. Amma da an idar da sallar magariba, yaran unguwa sai su fara sulalowa bayan dangarmu, wasu don labari, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, don kan kifin da ya karye. A cikinsu akwai Yagana, 'yar wani masunci da iyayensa suka taso daga wajen tafkin Chadi. Ita ce ƙawata ta ƙut da ƙut. Kwano ɗaya muke ci, tare muke zuwa korar tsuntsu a gonar shinkafa, in aka doke ta ni ke kuka.

Kaka ba ta iya karatu ba, ko baƙi ɗaya. Abin da ta sani na Littafi Mai Tsarki a kunne ta ɗauke shi, kuma kusan duk na Tsohon Alkawari ne: Nuhu, Yusufu, Ayuba, Yunusa. Ba ta buɗe su yadda ake buɗe tatsuniya. Sai ta buga sandar juya itace a ƙasa ta ce, "To, wannan ba ta Gizo ba ce. Mai ƙaiƙayi ya sosa yanzu."

Wanda muka fi so shi ne na jariri Musa. A bakin Kaka, Masar ba ta da nisa, nan bayan gonar shinkafa take. Fir'auna ya ce a kashe duk ɗa namiji da Ibraniyawa suka haifa. Uwar Musa ta ɓoye shi har kukansa ya fi ƙarfin ɗaki. Sai ta saƙa kwando, ta toshe ƙofofinsa yadda ake toshe kwalekwale mai yoyo, ta kwantar da ɗanta a ciki, ta tura shi cikin ciyawar bakin ruwa. Yayarsa ta laɓe tana leƙe. Kaka kan tsaya a nan ta juya kifi, da gangan, mu kuwa kamar mu mutu.

"Kaka, kada fa?"

"Kada yana nan. Dorina ma tana nan. Amma ba su aka aiko ba."

Sai ga 'yar Fir'auna ta sauko wanka da kuyanginta, ta ji kuka, ta sa aka jawo kwandon.

A nan Yagana kan miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu. "Kaka, ba 'yarsa ba ce, matarsa ce. Malaminmu ya faɗa. Kuma akwati ne, ba kwando ba."

"Ji min 'yar nan da bakinta kamar na karfasa! Kina wurin?"

"Ke ma ai ba kya wurin."

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "To ke riƙe matarsa, ni in riƙe 'yarsa. Abin da na sani, mace ce. Ta buɗe ta gani, ta san sarai ɗan Ibraniyawa ne, ɗan mutanen da gidansu ya tsana. Ba ta mayar da shi ruwa ba. Ta ce wannan nawa ne."

Daga nan sai kiran isha'i, yara su watse, kowa da ɗan guntun kifi a hannu. Iyayensu ba su taɓa hana su zuwa ba. Baban Yagana ma in ya kawo kifi yakan ce, "Iya, yau wane Annabin za a ba su?" Sunayen da suke ji a makarantar allo su ne suke ji a gindin bandarmu. Ban san darajar wannan ba sai da ya ƙare.

Abin ya faro ne daga bakina. An turo mana sabon mai bishara, Malam Istifanus, saurayi mai himma wanda ya yi makarantar Littafi. Ran Lahadi ya tara yara ya tambaya wa ya fito da Isra'ilawa daga Masar. Na ɗaga hannu da murna, na ce, "Annabi Musa, alaihissalam!" Haka nake jin Yagana na faɗa kullum. Manyan da ke wurin suka kwashe da dariya. Malam bai yi ba.

Da yammacin ranar ya zo gida. Ya durƙusa ya gaida Kaka da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana riƙe da ɗan ƙaramin littafi, Sabon Alkawari zalla, irin wanda ake rabawa a lokacin.

"Iya, labaran nan da kike ba yara, na Yahudawa ne. Alkawarin da ya tsufa ne, an cika shi, an wuce wurin. Mu mutanen Sabo ne."

"Malam, ashe ba maganar Allah ba ce?"

"Maganarsa ce, amma inuwa ce. Mai jiki ya riga ya zo. Dubi jikarki, ba ta san bambancinta da maƙwabta ba. In kin mutu aka tambaye ki me kika bar musu, Musa za ki ce? Ki ba su labarin gicciye."

Kaka ta gyara itacen wuta. Mace ce mai baki, na sha ganin ta tsaye tana wanke masunta tas a kan ruɓaɓɓen kifi. Amma a gaban mai littafi ba ta da ƙarfi. Ta ce, "Kai ka karanta, ni ban karanta ba. Na ji."

Washegari yara suka taru kamar kullum. Kaka ta buga sandarta, ta ba da labarin yadda aka kama Yesu, aka gicciye shi, ya tashi. Ta ba da shi da zuciya ɗaya, don ta gaskata shi fiye da komai a duniya. Ni ma na gaskata, har yau. Amma babu wanda ya yi gardama a wannan yammacin. Yagana ba ta miƙe ta riƙe ƙugu ba. Ta zauna tana wasa da tsinke, kuma da aka kira isha'i ta tafi ba ta karɓi kifi ba.

Ta je gida ta yi tambaya, kamar yadda kowane yaro zai yi. Babanta bai zo da faɗa ba. Ya kawo kifinsa da la'asar, ya sauke, ya ce, "Iya, yaran sun girma, karatun dare za su fara." Kaka ta ce Allah ya ba da sa'a. Su duka biyun sun san ba zancen karatu ba ne.

Cikin 'yan kwanaki dandalin ya koma ni da ƙannena. Yagana ba ta daina gaishe ni ba, amma ta daina shigowa. A gonar shinkafa ta koma can ɗaya gefen da sauran 'yan mata. Na yi kuka, na yi fushi da Kaka, na ce ta koma ba da na Musa mana. Ta ce, "An ce ya wuce, Rifkatu. Ni wa ce da zan dawo da shi?" Har ta rasu ban sake jin ta ambaci kwandon nan ba.

Yanzu a cikin garin Hadejia nake, na yi jikoki, ina da cikakken Littafi, kuma na iya karanta shi. Na gani da idona cewa Yesu kansa da waɗannan littattafan ya tashi, su ya karanta a majami'a, da su ya amsa wa masu gwada shi. Wallahi ranar da na fahimci haka sai da na rufe littafin na fita tsakar gida, don takaici. Da Kaka ta san wannan, da ta sami abin faɗa.

Gardamar kuma ba ta mutu ba. Matasan ikilisiyarmu suna yin ta a waya, wannan ya ce Tsohon Alkawari ba ruwanmu da shi, wancan ya ce da ruwanmu, kowa na jefa aya. In na sa baki sai su ce, "Mama, wannan maganar tauhidi ce." To, tauhidi ne. Ni dai abin da na sani, akwai lokacin da 'yar Kirista da 'yar Musulmi suke faɗa a kan labari ɗaya saboda nasu ne su biyun. Ban ce Malam Istifanus mugu ba ne. Tsoro ya ji kada mu narke, mu da ba mu da yawa, kuma baban Yagana ma tsoron nan ne ya ji. Kowa ya tsare nasa. Ba mu narke ba, gaskiya ne. Amma jikokina ba su da aboki ko ɗaya a layinmu, kuma ko na ba su labarin Musa, ba wanda zai miƙe ya ce ba haka malaminsu ya faɗa ba. Ko yau aka yanke cewa tsofaffin littattafan nan suna da amfani, ban ga yaran da za a tara ba.

Bara, bayan ruwan ambaliya ya janye daga ƙauyuka, na je kasuwar kifi. Ina cikin taya banda na ɗaga kai, sai ga Yagana a rumfar gaba. Ta tsufa kamar yadda na tsufa, amma tsayuwarta na nan. Murna ta kama ni. Na kira sunanta. Ta juyo, ta gane ni nan take, na ga haka a idonta. Muka gaisa, ina gida, ina yara, ya aka ji da ruwa, Allah ya kiyaye gaba. Iyakar hirarmu ke nan.

Wata yarinya da ke riƙe da gefen hijabinta, jikarta ce ina ji, ta ɗago ta dube ni.

"Kaka, wace ce wannan?"

Yagana ta gyara ledar da ke hannunta. Ta ce, "Wata ce da muka taɓa zama gari ɗaya. Mu tafi, rana na yi."