Masu Barci a Kwandon Daddawa

Jiya a Ƙofar Wambai warin daddawa ya tuna mini kakata. Ba ta yarda sabulu ya taɓa kwandon da take rufe kalwa.

Ta taɓa tambayata, "Maigidana, me kake leƙawa a madubin jami'a?"

Na ce, "Iya, ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu sa daddawarki ta nuna. In abinci ya ƙare, saƙo ke ratsa ƙwayar, ya kunna wasu umarnin halittarta, ta yi ɓawo ta kwanta a jikin kwandon, sai an sake zuba kalwa ta farka."

Ta shafa kwandon. "To, a bar bayin Allah su yi barcinsu."

Kwandon na nan, Iya, ban bari an wanke ba. Allah ya sanyaya makwancinki, ya tashe ki cikin rahama.