Layukan da Uwata Ta Goge

'Yata ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata. Ta shekara tara tana rubuta manhajojin kwamfuta. A wurin aikinta kuwa Baƙin Allo suke ce mata, saboda manhajar da take rubutu a ciki.

Tun tana jami'a ta fara neman manhajar da za ta zauna da ita. Ta gwada shida. Wata ta yi wa kwamfutarta nauyi, wata ta cika kwalliya, wata kuma tana ƙarasa mata kalma tun ba ta gama tunani ba. "Kamar Gwaggo," in ji ta, "ba ta bari mutum ya kai aya." Daga ƙarshe ta tsaya a kan wata tsohuwar manhaja da ta girme ta: allo baƙi ƙirin, ƙananan haruffa, babu hoto ko ɗaya. A cikinta kowane maɓalli umarni ne. Ka taɓa wannan layi ya ɓace, ka taɓa wancan ya dawo. A nan take aikin ofis, a nan take rubuta wasiƙa, har da jerin cefane.

Manhajar na iya adana rubutu da kanta, amma Uwata ta kashe wannan tsarin. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Abin da ban adana da hannuna ba, ban amince da shi ba tukuna."

Da ciwon kai ya fara damunta, ni na gano mata musabbabinsa. Na koyar da kimiyya shekara talatin, kuma a gidanmu idan na faɗi dalilin abu ba a cika sake tambaya ba.

"Baƙin allon nan ne, Uwata. Ki sauya manhaja, idonki ya huta."

"Baba, ai gara ka ce in sauya uba, ya fi sauƙi."

Muka yi dariya. Na saya mata tabarau. Wata bakwai ina maimaita wannan magana.

Wata Talata da safe ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinta. Likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma ya daɗe yana girma. Kwana huɗu ta yi a asibiti. Allah ya ji ƙanta.

Da baƙi suka ragu na shiga ɗakin. Kwamfutarta na kan tebur a buɗe, caja a jikinta, allon a kunne. Layi uku ne a kai:

"Baba, jiya na je asibiti.
An ɗauki hoton kaina.
Zan yi maka bayani idan na samu yadda zan faɗa."

Na kwafe su a littafina. Ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba, na kuma hana a share teburin. Ba mu san kalmar sirrinta ba. Idan kwamfutar ta mutu, ta rufe ke nan har abada.

A mako na uku na lura marfin ƙasanta ya ɗaga. Batir ne ke kumbura. Na auna da rula, milimita biyu. Bayan kwana biyar ya zama huɗu, ɗakin kuma ya fara wari irin na roba mai zafi.

"Malam, abin nan zai kama da wuta muna ciki," in ji mahaifiyarta. Ita tun rasuwar ba ta taɓa ƙetare ƙofar ɗakin ba.

Sai na kira Dogo, abokin aikinta, wanda suka shekara biyar suna gardama a kan wace manhaja ta fi. Ya zo da hantsi, ya yi gaisuwa, ya zauna a bakin kujerarta kamar mai tsoron ta karye.

"Baba, ni ban taɓa son abin nan ba," ya ce. "Kullum ina ce mata ta shigo zamani, ita kuma ta ce tawa keken yara ce mai ƙafa uku. Don in ƙure ta na koyi tata."

Ya danna wasu maɓallai a hankali, yana duba allon.

"Ba ta adana ba. Kuma ba layi uku ta rubuta ba, sha huɗu ne. Ta goge sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa."

"Sun tafi ke nan?"

"Suna nan muddin kwamfutar na kunne. Maɓalli ɗaya ne, kowane dannawa layi guda zai dawo." Ya shafa ƙasan kwamfutar, ya janye hannu da sauri. "Amma, Baba, yau ne. Batir ɗin nan ba zan bar shi ya kwana a gidan nan ba."

Tun ranar da likita ya ce ƙarin ya daɗe, tambaya ɗaya ce ke cina: me ya hana ta zuwa asibiti da wuri?

"Danna sau ɗaya," na ce.

Layi na huɗu ya fito:

"Ka ce allon ne, ni ma na so in yarda, shi ya sa na"

A nan ya tsaya. Ragowar jimlar na cikin layi na biyar. Yatsan Dogo na kan maɓallin, fankar kwamfutar na ta gurnani. Na riƙe wuyan hannunsa.

"Akwai yadda za a mayar da shi yadda ta bari?"

"Akwai. Amma saura goma, Baba. Wataƙila a ƙasa ta ce ba laifinka ba ne."

"Wataƙila. Ko ma me ta ce, ba ta adana ba."

Na saki hannunsa. Sannan ya goge layin, ya kwafe mini ukun a wayata, ya danna maɓallin kashewa. Fankar ta yi shiru. Ya naɗe kwamfutar a tawul ya fita da ita, yana riƙe da ita nesa da ƙirjinsa.

Mahaifiyarta na tsaye a bakin ƙofa.

"Me kuma ta rubuta, Malam?"

"Layi ukun da kika sani," na ce.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya. Layi na huɗu yanzu babu shi a ko'ina sai a kaina, kuma kullum da safe ina ƙarasa mata jimlar.