Ɗankwalin da Na Kaɗa wa Malam

Ranar dashen albasa ce. Bayan sallar asuba muka gangara fadama, ni da maigidana da matan unguwa da yake koya wa aikin lambu. Kowa a ƙauyenmu, can ɓangaren Yobe, Malam yake ce masa, ba don karatu ba, don albasa. Shi ya koya mana cewa irin da aka cire daga reno, ranar ake dasa shi, ba ya kwana.

Yana da wani tsohon injin ban ruwa mai ƙarar tsiya. Na sha gaya masa abin nan sai ya kurmantar da shi. Sai ya yi dariya, wai ai bakina ya fi injin ƙara.

Hantsi ya fara, ya sauka bakin kogi ya tayar da shi. Mu muna sama muna cirar iri, ina tarawa a haɓar zanina. Sai muka ji babura ta gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sannan harbi. Hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa.

Wani ya wuce mu a guje. "Ku shiga daji! Kada ku koma gida!"

Matan suka watse. Ni na tsaya. Ina hango Malam a sunkuye yana gyara tiyo, ya ba gari baya. Na ƙwala masa kira har maƙogwarona ya yi zafi. Ina! Na tuɓe ɗankwali ina kaɗawa.

A lambun nan, wadda ta kaɗa ɗankwali tana nufin ruwa bai iso fangalinta ba. Shi da kansa ya kafa dokar, saboda ƙarar injin. Wallahi ban tuna ba. Ya ɗago, ya gan ni, ya ɗaga hannu alamar in yi haƙuri, ruwa na zuwa. Ya sake sunkuyawa.

Babura suka gangaro tsakanina da shi. Maƙwabciyata Yagana ta fizge ni muka faɗa cikin karan dawa. Na ji harbi a bakin kogi. Injin bai tsaya ba. Har muka yi nisa ina jin sa.

Da azahar ƙafafuna sun farfashe. Da la'asar muka fito titi, wani mai motar itace ya tsaya mana. Washegari muna Azare, a gidan wata Hajiya da ba ta taɓa ganinmu ba, ta ba mu ɗaki. Can na kwance zani, irin albasa ya zubo, ya yi yaushi. Ya kwana. Na dasa shi haka a bayan gidanta, ina kuka ina zagin injin nan. Kusan rabi ya kama.

Yanzu matan unguwa suna zuwa koyo, har da masu zuwa daga Bulkachuwa. Abin da Malam ya faɗa nake faɗa musu, ban ƙara komai ba. Hajiya ta so ta saya mana inji, na ce a bar mu da bokiti. Ina son in riƙa jin wanda ke kirana.

Waɗanda suka koma ƙauyenmu suka binne Malam sun ce sun tarar da tiyon a fangalina. Duk lambun ya bushe, nawa kaɗai ya sha ruwa.